Mambila da damina: a je kallon tsuntsaye ko a jira rani?

Malam Nasiru, Kano:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanya. Ni malamin sakandare ne, kuma hutu mai tsawo da nake samu shi ne na watan Agusta. Shekara biyu ke nan ina ajiye ɗan abin da ya samu don in hau tsaunin Mambila in ga tsuntsayen can da idona, musamman na dajin Ngel Nyaki. Bana 'yata mai shekara 14 ta kafe sai ta bi ni, don ita ce ma ta fi ni iya riƙe madubin hangen nesa, kuma tana da littafin da take rubuta duk tsuntsun da ta gani a unguwarmu. To wani abokina ya ce zuwa Mambila a Agusta zubar da kuɗi ne, ruwa da gajimare kawai zan gani. Wani kuma ya ce ai damina ita ce lokacin tsuntsu, a lokacin suke ado suke sheƙa. Na rasa na ɗauka. Wanda ya sani ya taimaka.

Ɗanjuma Direba:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ban san tsuntsu ba, amma hanyar na san ta, shekara tara ina bin ta. Daga Jalingo za ka bi Garba Cede, Bali, Serti, sai Mayo Selbe. Daga nan hawa ya fara, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya, har ka isa Maisamari. Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa yake, kafin ka kai Nguroje. Titin ana bin sa da damina, ba a daina ba. Abin da ke wahalar da mutum shi ne in ka sauka daga kwalta. Ƙasar wurin ja ce mai santsi, in ta sha ruwa ko acaɓa sai an tura. Shi ya sa har gobe tsofaffin Land Rover ke cin kasuwarsu a can. Sannan kada ka yarda direba ya hau tsaunin da kai bayan magariba a Agusta. Gajimare yakan sauko ya kwanta a kan titi, fitilar mota ba ta huda shi.

Hajiya Binta:
Malam Nasiru, yarinyar nake ji. Na yi wata uku a Gembu lokacin da maigidana yake aiki a can. Wanki sai ya kwana uku a igiya bai bushe ba, bargon ma in ka taɓa shi za ka ji danshi. In dai za ku je, a saya mata rigar sanyi mai kauri guda biyu, da rigar ruwa, da takalmin roba mai tsawo. Sanyin Kano na hunturu busasshe ne, na can jiƙaƙƙe ne, shiga ƙashi yake yi.

Alhaji Sabo:
Ni dai a yi mini afuwa, amma zan faɗi abin da ke raina. Mutum ya tara kuɗi shekara biyu, ya ɗauki 'yarsa ya kai ta bakin iyakar Kamaru, don kawai ya kalli tsuntsu? Ba saye ba sayarwa, ba ziyarar ɗan'uwa? Wannan al'adar Turawa ce, su da suka ƙoshi. Tsuntsu ai ga shi nan a kan darbejiyar ƙofar gida.

Malam Nasiru, Kano:
Alhaji, ba laifi, ka faɗi gaskiyar zuciyarka. Amma a Suratul Mulk, aya ta 19, an ja hankalinmu mu dubi tsuntsaye a samanmu yadda suke buɗe fukafukai suna naɗewa. Ni umarnin dubawar nan na ɗauka da gaske. Kuma kakata a ƙauye ba ta taɓa ganin Bature ba, amma ta san kukan tsuntsu fiye da talatin, ta san wanda ke zuwa kafin ruwa da wanda ke zuwa bayan girbi. Abin da muka gada ne muke neman sakewa.

Ladi, Jos:
Malam Nasiru, abokanka biyun nan kowa ya faɗi gaskiya, wuri ne kawai ya bambanta. Bari in ɗan tsawaita, don na daɗe ina wannan harka.

A ƙasar Hausa da sauran filayen arewa, damina ita ce lokacin tsuntsu, babu ja. Ruwa ya sauka, ƙwari su fito, ciyawa ta yi tsaba, abincin ciyar da 'ya'ya ya wadata. A nan ne mulufi ke sauya riga ya zama ja da baƙi, ya hau kan karan dawa yana kumbura wuya. A nan ne zalaidu ke fitar da doguwar jelarsa yana rawa a iska a gaban mata. In rani ya yi, duka biyun sai su koma launin ƙasa-ƙasa, ka rantse ba su ba ne.

Amma dajin kan tsauni lissafinsa daban. Mambila ci gaban jerin tsaunukan yammacin Kamaru ne, tsayinsa wajen mita 1,600. Masu bincike a tsaunukan Kamaru sun daɗe da lura cewa yawancin tsuntsayen dajin tsauni da rani suke sheƙa, wajen Nuwamba zuwa Maris. Dalilin a fili yake: tsakiyar damina ruwa ya yi yawa, sanyi ya yi yawa, ƙwai ba zai ɗumu ba, ɗan tsako zai jiƙe ya mutu. Har ma an ga irin tsuntsu ɗaya da ke sheƙa da damina a ƙasa, amma danginsa na kan tsauni sai su jira rani. To in burinka tsuntsayen cikin Ngel Nyaki ne, a Agusta za ka tarar sun yi shiru, ba kuka sosai, ga ganye ya yi duhu, ga ruwa yana ɗiga a gilashin madubi. A daji kuwa kunne ke fara gani kafin ido. In tsuntsu bai yi kuka ba, za ka wuce ta ƙarƙashinsa ba ka sani ba.

Misali, akwai wani masaƙin tsuntsu, rawaya jawur da baƙar fuska, bayansa kore-kore, wanda aka sa wa sunan Bannerman. A duniya kaf ba ya rayuwa sai a tsaunukan Kamaru da na gabashin Nijeriya, wato Mambila da Obudu. Bakin daji yake so, inda itatuwa suka haɗu da fili. Duk mai zuwa Ngel Nyaki shi yake fara nema. Na gan shi a Disamba cikin sauƙi, tun ban gama shan shayin safe ba.

Baffa Hammadu, Nguroje:
'Yata Ladi, karatunki ya yi, ban musa ba. Amma ni a nan aka haife ni, a nan furfura ta same ni. Wanda bai ga Mambila da damina ba bai ga Mambila ba. Da rani ciyawa ta bushe, an sa wuta, tuddai sun yi baƙi, hazo ya rufe nesa. Da damina kuwa, in ruwa ya ɗauke da hantsi, rana ta fito, za ka tsaya a kan tudu ka hangi tudu bakwai a jere, kowanne kore shar, shanu a kansu kamar an watsa farin tsakuwa, gajimare kuma a ƙasanka yake ba a sama ba. Ƙoramu duk suna gudu. Ba kullum ruwa ke yini ba, sau da yawa safiya tana yin kyau, sai bayan azahar ya sauko. Malam ya zo da yarinyar, ɗaki akwai, nono akwai.

Ladi, Jos:
Baffa, wallahi ban isa in yi gardama da kai a kan kyan wurin ba, na gani da idona a watan Yuni, har yau hoton yana raina. Ina duba kuɗin Malam ne da ya tara shekara biyu. In yana da mako uku da zai zauna ya jira safiyar da ta yi kyau, to. In kwana biyar ne, zai iya ƙare su a ɗaki yana jin ruwa a kan kwano.

Ma'azu, Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake bin zancen ga. Alhaji Sabo ya ce tsuntsu na ƙofar gida, kuma akwai gaskiya ciki, sai dai na ƙofar gidan ma matafiyi ne. Garinmu akwai wata tsohuwar kuka tsakar gari, kowace shekara wajen watan biyar shamuwa na sauka kanta. Ranar da aka ga ta farko, tsofaffi sai su ce a fiddo iri a gyara kalme. Ba mai jifarta, yaron da ya ɗauki dutse sai ya sha faɗa wurin duk babban da ya gane shi. Ina yaro nakan kwanta ƙarƙashin kukar in kalli uwa ta dawo daga gona, ta tsaya bakin sheƙa, ta amayo fara da tsutsa, 'ya'yan na ta ƙugi suna tura juna. Kashinsu ya maida rassan fari fat. In kaka ta yi sai a wayi gari ba su. Sai da na girma na san cewa gabashi da kudancin Afirka suke tahiya, su ci daminar can, su komo. Bara sheƙa huɗu na ƙirga kan kukar. Da muna yara hannu biyu ba ya isa ƙirga su.

Alhaji Sabo:
Shamuwa kam na yarda, wannan kowa ya san amfaninta, tana cin fara. Ungulu ma da can mahautar garinmu ba ta rabuwa da su, yanzu na fi shekara goma ban ga ko ɗaya ba. Ina suka tafi?

Ladi, Jos:
Alhaji, ka ga ka shigo harkar da kanka, don wannan tambayar ita ce aikin. Ba tafiya suka yi ba, ƙarewa suke yi. Ana kama su ana sayar da kai da ƙafafu a kasuwar masu magani, wasu kuma guba ke kashe su in an sa wa mushe. A 2015 aka sa ungulun nan ta mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma da ake kira tsuntsun ƙasa a Nijeriya, yau da wuya ka gan shi a daji, sai a gidan masu hali. Ba a gane irin wannan sai in akwai masu fita suna dubawa suna rubutawa. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, an yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, mutum ya shiga ya rubuta abin da ya gani a manhajar BirdLasser. Littafin 'yar Malam Nasiru irin wannan aikin ne, ba wasa ba.

Isiyaku, Serti:
Jama'a ku bar ni in sa baki, tunda an zo ƙasarmu. Malam, in har ka biyo ta Serti, ka sani kana bakin Gashaka Gumti ne, gandun dajin da ya fi kowanne girma a Nijeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, tun 1991 aka mai da shi na tarayya. Tsaunin Chappal Waddi, wanda wasu ke kira Gangirwal, a ciki yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a ƙasar nan. An lissafa tsuntsu sama da iri 500 a gandun. Amma da damina kada ma ka sa shi a lissafi. Mayo Kam da sauran kogunan in suka cika ba a wasa da su, ga matsattsaku, ga ciyawa ta fi mutum tsawo. Disamba zuwa Maris ake shiga.

Ina saurayi na yi dakon kaya ga masu binciken birai a wajen Kwano, can cikin gandun. Wata asuba muna kwance, sai muka ji ƙara daga kwari, dum dum dum, kamar ana kiɗan ganga, sai ihu ya biyo baya, ya hau sama ya hau sama har tsigar jikina ta tashi. Na zaci mutane ne. Babbanmu ya ce in kwantar da hankali, biri mai ganga ne, wato babban birin nan da Turawa ke kira chimpanzee. Saiwar manyan itatuwa da ke fitowa kamar bango yake duka da hannu da ƙafa. Da gari ya waye muka bi sawu, muka tarar da gadajen da suka kwana, can ƙololuwar itace, rassa an lanƙwasa an saƙa, ganyen bai ko yi yaushi ba. A ƙasa kuma ga 'yan sanduna da suka fere suka tsoma a ramin tururuwa. Wata shida na yi a wurin, sau biyu kacal na gan su da ido, kuma duka biyun baya na gani suna shigewa. Wanda ya ce maka zai kai ka ka ga biri mai ganga a kwana biyu, kuɗinka yake so.

Malam Nasiru, Kano:
Malam Isiyaku, na karanta wa 'yata wannan, ta ce in tambaye ka ko a Ngel Nyaki ma akwai su.

Isiyaku, Serti:
Ka gaishe ta. Akwai, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai, don dajin ƙarami ne, ya maƙale a gangaren tsauni, fili ya kewaye shi. Ta fi saurin ganin baƙin birin nan mai farin tabo a hanci. Shi ma yana da labari. A Gashaka aka yi binciken da ya fito a 2006, wanda ya nuna namijin yana da kuka iri biyu, ɗaya kamar fiyau, ɗaya kamar hak. In gaggafa ce a sama, hak ya fi yi. Amma in ya jera fiyau sannan ya biyo da hak, ma'anar ta sauya, ta zama ku tashi mu tafi, kuma garken sai ya tashi. Maharbanmu sun san kukan birai yana da ma'ana tun kafin a rubuta, sai dai su ba su auna ba.

Amma bari in faɗi ɗaya gefen, kada a ce daɗi kawai muke ba da labari. Ni manomi ne yanzu. Gwaggon biri da baƙo ke ɗauka hoto yana murna, ni abokin gaba ne a wurina daga lokacin da masara ta fara goyo. Bara sun shigo mini da sassafe, sun fi talatin. Ba cin ne ke ƙona rai ba, ɓarnar ce: ya karya wannan ya gatsa sau ɗaya ya yar, ya kama na gaba. Kafin yarana su iso da gwangwani da karnuka, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya kwanta. Wata biyu yarana biyu suna kwana a rumfar gona suna gadi, makaranta sai jefi-jefi. In ana maganar kare dabbobi a riƙa tunawa da wannan.

Hajiya Binta:
Allah ya mayar da alheri, Malam Isiyaku. Wannan kam mu na birni ba mu san shi ba.

Ladi, Jos:
Amin. Kuma duk mai son daji da gaske dole ya saurari irin wannan magana, don wanda ke kwana kusa da dabba shi ke biyan kuɗin zamanta. Abin da ni ke tayar mini da hankali a Mambila shi ne yadda dajin ke tsukewa. Ngel Nyaki tun 1969 aka killace shi, amma ainihin dajin mai duhu bai wuce 'yan murabba'in kilomita ba. Kowace shekara wutar rani tana lasar bakinsa, shanu su tattake 'yan itatuwan da suka tsiro. Ƙananan dazuzzukan bakin rafi, waɗanda tsuntsaye ke bi suna ƙaura daga wannan kurmi zuwa wancan, su ma suna ta sirancewa. Itacen turare da aka shuka ko'ina a tsaunin yana ba da katako da makamashi, amma ka shiga cikinsa ka tsaya ka saurara, shiru za ka ji, ba 'ya'yan da tsuntsu zai ci.

Baffa Hammadu, Nguroje:
To nan kuma zan yi magana, 'yata. Kullum in an tashi sai a ce shanu. Wutar da muke sawa ba don ɓarna ba ce, tsohuwar ciyawa ba ta ƙosar da saniya, sai an ƙone sabuwa ke fitowa, kuma tana rage kaska. Iyayenmu sun yi haka, dajin yana nan. Abin da ya sauya shi ne yawa: mutane sun yi yawa, gonaki sun yi yawa, shanu sun yi yawa, filin bai ƙaru ba. Sannan a tambayi mutanen ƙasa, su Isiyaku, wa ya kwashe madobiya? Shekarun baya manyan motoci dare da rana suna fita da ita daga Taraba, ana ce mata Madrid, ana kai wa Sin. Ba makiyayi ya sare ta ba. Itacen turare kuwa, ba don shi ba da tuni an cinye dajin da gatari, don da shi muke girki da rufin ɗaki.

Isiyaku, Serti:
Maganar madobiya gaskiya ce, Baffa. A idonmu aka yi. Tudun da na sani da inuwa yanzu kututture ne.

Ladi, Jos:
Na karɓi gyara a kan turare, Baffa, ban duba ta wannan fuskar ba. A kan wuta dai ina nan a kan bakana, a bakin daji kawai nake magana, ba a fili ba. Masu aikin binciken dajin, wanda wata malama daga jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand ta kafa, sun kewaye wasu filaye a bakin kurmin da waya, ba wuta ba kiwo. Na shiga ɗaya na gani: itatuwa sun taso sun fi ni tsawo, waje ɗaya da wayar kuwa ciyawa ce gajeriya. Kuma yawancin ma'aikatan wurin 'yan Yelwa ne, su suka san kowane itace da sunansa. In da za a bar wa daji taku ɗari a gefensa, da ya rama da kansa.

Baffa Hammadu, Nguroje:
Taku ɗari ba zai gagara ba in an zauna da ardo-ardo an yi magana da mutunci. A zo a same mu, kada a aiko da takarda.

Malam Nasiru, Kano:
Na ƙaru fiye da abin da na tambaya. To Malama Ladi, in na ɗage Mambila zuwa hutun Disamba, Agustan nan fa? Yarinya ta riga ta sa rai.

Ladi, Jos:
Ku zo Jos. Tsauni ne shi ma, wajen mita 1,200, duwatsun Shere kuma sun kai kusan 1,800, ga kwalta har kusa da inda za ku. Daga Kano yini ɗaya ya isa. Akwai dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kamar kilomita 15 daga gari. Ƙarami ne, wajen hekta 300, mutanen Laminga suka kiyaye shi tun kakanni, amma an ga tsuntsu kusan iri 300 a ciki. A nan cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos. Ku nemi izini kafin ku shiga, ku ɗauki ɗan jagora.

Abin da zan so 'yarka ta gani wani ɗan tsuntsu ne da bai fi tsawon yatsa da rabi ba, ja kamar garwashi har gadon bayansa, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi, yana tsalle tsakanin duwatsu shi da matarsa. Sai a 1998 masana suka tabbatar cewa irinsa daban ne, kuma a tsaunin Jos aka gano shi. Yadda aka kai gare shi ma abin mamaki ne. Akwai wani baƙin tsuntsu ɗan dangin zalaidu da ba ya gina sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani. Ɗansa in ya tashi a gidan riƙo, sai ya koyi kukan masu gidan, ya riƙa yin sa har ya mutu, macen kuma namijin da ke kukan gidan da ta tashi take zaɓa. Masu bincike suka ji baƙin nan na Jos yana wani kuka da bai yi kama da na kowane jan tsuntsu da aka sani ba, suka bi diddigi har suka samo mai kukan na asali. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan kuwa na gidan da aka goye shi yake yi. Baƙin ya fi bayyana daga ƙarshen damina, don haka a Agusta sai an yi sa'a, amma jan yana nan duk shekara.

Disamba kuma tana da nata ƙarin. Tsuntsayen da Turawa ke kira nasu na lokacin zafi, irin su tsattsewar Turai, a wurinmu suke yin hunturu. An ɗaura wa wasu ƙananan tsuntsaye na'ura a nan Jos, aka ga suna ƙetare Sahara da Bahar Rum su je gabashin Turai su yi ƙwai, su dawo, wani ma ya sauka a gonar da ya bari bara. Za ku tarar da irinsu a filayen Mambila.

Ɗanjuma Direba:
Disamba hanya lafiya lau, ƙura ce kawai. Amma a kama mota da wuri, kusa da Kirsimeti kuɗin mota yana tashi.

Malam Nasiru, Kano:
Assalamu alaikum. Na dawo da zancen nan sama don in cika alkawari, jiya muka dawo daga Jos. Kwana huɗu muka yi, ruwa ya cinye mana yini ɗaya cur da rabin wani. Hajiya Binta, takalmin roba ya yi rana, Allah ya saka.

Safiya ta biyu muka fita bayan sallar asuba. Ɗan jagoranmu ya zaunar da mu a kan wani falalen dutse, ya ce kada mu motsa. Dutsen da sanyi, wandona ya jiƙe. Rema uku suka fito daga tsaguwa suka jeru suna jiran rana, ɗaya yana hamma. Muna nan har kusan minti arba'in. Sai yarinyar ta damƙe mini hannu ba ta ce komai ba. Ƙasa da mu kaɗan, a gindin wata ciyawa da ta tsiro a tsagin dutse, ga jan tsuntsun nan, yana jan zangarniya da baki yana tsinke tsaba. Macen tana bayansa, ba ta kai shi ja ba. Da ya juya sai na ga 'yan ɗigo-ɗigon fari a haƙarƙarinsa. Ba su fi minti biyu ba suka shige ƙarƙashin dutse. Hannunta yana rawa ta kasa rubutu, ni na rubuta mata lokacin, ƙarfe 7:12.

Da muka gangara bakin rafi kuma wani babba ya tashi daga kan ɓaure, jikinsa baƙi mai sheƙin shuni, goshinsa rawaya, da ya buɗe fukafukai sai ja ya bayyana kamar an kunna wuta a cikin ganye. Jagoran ya ce turako ne, wai jan nan akwai sinadarin tagulla a cikinsa. Mulufi da zalaidu kuwa ba a magana, duk gonar da muka wuce suna nan. Baƙin mai kwaikwayon kuka ba mu same shi ba. Gadar dutse ma da na ji ana cewa akwai a tsaunukan Jos, jagoran ya ce shi kansa bai taɓa ganin ta ba. Jimilla iri 61 ta rubuta, 38 ba ta taɓa ganin su ba.

Alhaji Sabo, mun tsaya a wata mahauta a hanyar dawowa mun duba sama, babu ungulu ko ɗaya, ta rubuta wannan ma.

Alhaji Sabo:
Madalla. A ce mata in ta tashi zuwa Mambila ta duba mini can ma.

Baffa Hammadu, Nguroje:
Akwai su nan jefi-jefi ranar kasuwa, za ta gani. Malam, ka sanar da ni mako guda kafin ku taso, in sa a gyara ɗaki. Ku taho da bargo, Disamba da asuba raɓa har daskarewa take yi a kwari.

Malam Nasiru, Kano:
In sha Allahu, Baffa. Malam Ɗanjuma, makaranta za ta rufe wajen tsakiyar wata. In mun kwana Jalingo, ƙarfe nawa motar farko ta Gembu ke tashi?